Mujallun 'yan punk a taskokin jami'a: ajiye takarda daban, baza ta a intanet daban

A ranar 26 ga Nuwamban 2016, wani ɗan kasuwa mai suna Joe Corré ya loda tufafi da fastoci da sauran kayan tarihin kiɗan punk a kan jirgin ruwa a kogin Thames da ke Landan, ya banka musu wuta. Ya ce darajar kayan ta kai fam miliyan 5. Ɗan gida ne a harkar: mahaifinsa Malcolm McLaren shi ne manajan ƙungiyar mawaƙan punk ta Sex Pistols, mahaifiyarsa kuma Vivienne Westwood ce, shahararriyar mai zanen tufafi. Abin da ya harzuƙa shi shi ne bukukuwan cikar punk shekara 40 da aka yi a shekarar, waɗanda Laburaren Birtaniya da gidan tarihin Landan da ofishin magajin gari suka sa hannu a ciki. A ganinsa, abin da ya faro da yi wa hukuma tawaye bai kamata ya ƙare cikin akwatin gilashi a hannun hukuma ba.

Wutar ba ta hana komai ba. Jami'o'i a Amurka da Birtaniya sun ci gaba da saye da karɓar kyautar takardun 'yan punk, musamman ƙananan mujallun da ake kira fanzin. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne yadda suke yi da su bayan sun shiga hannunsu. Wata jami'ar sai ta ɗauki hotonsu shafi bayan shafi ta zuba a intanet kyauta. Wata kuma, ga kuɗi ga na'urori, ta ce atafau, duk mai son karantawa ya tako da ƙafarsa. Kowacce kuma cewa take yi tarihi take karewa. Ba za a gane inda suka raba hanya ba sai an bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa: adana takarda don kada ta lalace, da kuma sauya yawan idanun da za su iya ganinta.

## Punk da fanzin a taƙaice

Punk salon kiɗa ne da ya ɓulla a New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970. Waƙoƙinsa gajeru ne, masu sauri da amo, kuma yawancin masu yinsa matasa ne da ba su je makarantar kiɗa ba. Birtaniya a lokacin tana fama da tsadar rayuwa da yajin aiki da zaman kashe wando, sai kiɗan ya zama wurin huce haushi. Aƙidarsa ita ce kada ka jira kamfani ko gwani, yi abinka da kanka. Wata 'yar mujalla mai suna Sideburns ta tattara aƙidar a shafi ɗaya a farkon 1977: ta zana hanyoyi uku na danna jita, ta ce wa mai karatu shi ke nan, ya je ya kafa ƙungiyarsa.

Fanzin kuwa ta girmi punk nesa ba kusa ba. Masoya ƙagaggun labaran kimiyya a Amurka ne suka fara yin irinta tun shekarun 1930. Mujalla ce da mai sha'awar abu ke haɗawa da kansa, ba edita a kansa, ba mai talla da zai ji tsoro, ba riba yake nema ba. 'Yan punk sun ci karo da ita a lokacin da na'urar fotokwafi ta yawaita a ofisoshi da shaguna. Kayan aikin ba su wuce tafireta da alƙalami mai kaurin baki da almakashi da gam ba. A yanko hoto daga jarida a manna, a rubuta a gefe da hannu, a kwafa, a ɗinke, a kai wurin wasa ko shagon faya-fayai a sayar.

Wadda aka fi ambata ita ce Sniffin' Glue, da Mark Perry, wani matashin ma'aikacin banki a Landan, ya fara a Yulin 1976 da kwafi kusan 50. Cikin shekara guda ta koma fitar da dubbai, sai ya rufe ta a 1977 don gudun kada ta rikiɗe ta zama irin manyan mujallun da yake suka. Akwai kuma Maximum Rocknroll ta San Francisco, wadda ta fara fitowa a 1982 ta kai har 2019 a takarda, tana kawo rahotannin 'yan punk daga ƙasashe da dama. Tsakanin waɗannan biyu akwai dubbai da suka yi fitowa ɗaya ko biyu suka mutu, kuma su ne suka fi wahalar da masu adanawa.

## Yadda aka yi suka shiga jami'a

Dalilin farko shekaru ne. Wanda yake ɗan 18 a 1977 yanzu ya haura 60. Kwalayen da ya ajiye a ƙarƙashin gado suna jiran hukunci, kuma magada ba kasafai suke ganin darajar tarin takardun da suka yi ja ba. Na biyu, masana tarihi sun fahimci cewa waɗannan takardu sun riƙe abin da manyan jaridu suka yi watsi da shi: nawa ake biyan kuɗin shiga, wane zaure 'yan sanda suka rufe, yadda matasa suka yi ta jayayya a kan wariyar launin fata a zamanin gangamin Rock Against Racism da aka kafa a 1976. Na uku kasuwa ce. Fitowar farko ta shahararrun mujallun ta zama kayan gwanjo, kuma abin da ya shiga gidan attajiri mai tara kayan tarihi yakan ɓace wa masu bincike.

Ta haka Jami'ar Duke ta karɓi tarin mujallun mata da 'yan mata a farkon shekarun 2000. Kwalejin Barnard da ke New York ta kafa nata sashen a 2003 ƙarƙashin Jenna Freedman. A 2009 Lisa Darms ta assasa taskar Riot Grrrl a laburaren Fales na Jami'ar New York, don tattara takardun gwagwarmayar matan punk da ta taso a biranen Olympia da Washington D.C. na Amurka a farkon shekarun 1990; mawaƙiya Kathleen Hanna tana cikin waɗanda suka fara miƙa nasu. Jami'ar Cornell tana da babbar taskar punk, Jami'ar Liverpool John Moores tana riƙe da takardun marubuci Jon Savage, tarin faya-fayan Maximum Rocknroll kuma ya koma wata cibiyar nazarin kiɗa a Jami'ar Middle Tennessee.

Ba jami'a ce ta fara wannan aiki ba. Tun kafin ta waiwayo, 'yan harkar suna da nasu ƙananan laburarori da masu aikin sa-kai ke gudanarwa. Matsalarsu ita ce kuɗin haya da ɗigar ruwa da gajiyar masu kula. Abin da jami'a ke da shi wanda su ba su da shi shi ne ɗorewa.

## Abin da ke cin takarda, da abin da sikana ke iya yi

Ba a yi fanzin don ta daɗe ba. Takardar mai arha ce, musamman irin ta jarida, wadda sinadarin da ke jikinta ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa. Ƙarfen ɗinki yana tsatsa ya ci tsakiyar shafi. Salatif yana bushewa ya bar tabo, gam ya saki, tawadar fotokwafi kuma takan manne wa wasu irin ledoji ta tashi daga takardar. Don haka aikin masu taska shi ne su sa kowace mujalla cikin aljihu da kwalin da ba su da asid, a ɗaki mai sanyi, mara laima, nesa da hasken rana, sannan su rubuta bayaninta a katalog. Barnard takan nemi kwafi biyu: ɗaya a kulle a taska, ɗaya a kan kanta don aro.

Mayar da ita ta kwamfuta wani aiki ne daban. Ana ɗaukar kowane shafi da sikana ko kyamara a babban fayil mara matsi, wanda shi ne uwa, sai a fitar da ƙaramin kwafi don intanet. Ɗaukar hoton shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen bayani. Mujallu da yawa ba kwanan wata, ba lamba, ba sunan gari, marubucin kuma laƙabi ya sa. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto tana yin abin kirki da shafin littafi, amma idan ta gamu da rubutun hannu a karkace a kan hoton da aka kwafa sau uku, sai ta ruɗe. Dole mutum ya zauna ya kwafe da hannu, in ana son a iya binciko kalma a ciki.

Akwai kuma abin da hoto ba ya ɗauka: girman takardar, kaurinta, ɗan saƙon da aka cusa a ciki, kaset ko lallausan faifan da aka liƙa a bango. Masu nazarin zane da ɗab'i suna ɗaukar waɗannan a matsayin wani ɓangare na abin da mujallar ke faɗa. Shi ya sa taskar da ta san aikinta ba ta zubar da takarda don ta yi sikanin.

## Wa ke da haƙƙi?

Mallakar takarda ba ita ce mallakar abin da aka rubuta a kanta ba. Wanda ya ba jami'a kwali goma ya ba ta takardu ne kawai. Haƙƙin kwafa da yaɗawa yana nan hannun marubutan. A Amurka da Birtaniya haƙƙin yana kaiwa shekara 70 bayan mutuwar marubuci. Idan an buga da laƙabi ko ba suna, dokar Amurka takan ba da shekara 95 daga ranar bugawa, wato mujallar da wata yarinya ta fitar a 1991 ba za ta kuɓuta ba sai bayan 2086. Akwai 'yar ƙofa ga waɗanda aka buga a Amurka kafin Maris 1989 ba tare da alamar haƙƙin mallaka ba, amma sai an bi kowace ɗaya an tantance.

Abin ya ƙara cakuɗewa saboda fanzin ɗaya takan ƙunshi hannaye da yawa: mai hira, mai hoto, mai zane, mai wasiƙa, ga kuma hotunan da aka yanko daga jaridu ba da izini ba tun asali. Lauyoyi suna kiran aikin da aka rasa mai shi maraya. Abin da ya faru da Spare Rib ya nuna inda gizo ke saƙa. Mujallar 'yancin mata ce ta Birtaniya da ta fito daga 1972 zuwa 1993, ba ta punk ba, amma matsalarsu ɗaya. Laburaren Birtaniya ya saka ta a intanet a 2015 bayan doguwar fafutukar neman dubban waɗanda suka yi rubutu a ciki, ya kuma jingina da wata dokar Tarayyar Turai a kan waɗanda bai samu ba. Da Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar a ƙarshen 2020, kariyar ta faɗi, aka sauke taskar. Aikin shekaru ya tafi a kan sauyin doka, ba tare da shafi ɗaya ya lalace ba.

Masu goyon bayan sakawa suna da amsa. Sun ce mujallu da yawa sun rubuta ɓaro-ɓaro a jikinsu cewa kowa ya kwafa ya raba, kuma dokar Amurka ta yarda da wasu nau'o'in amfani don ilimi da bincike ba tare da izini ba. A ganinsu, kulle takardun masu ƙin jinin haƙƙin mallaka da sunan haƙƙin mallaka abin dariya ne.

## Maganar da ta fi doka nauyi

Ko da doka ta ba da dama, akwai tambayar da ta rage: wa marubucin yake yi wa magana? Yarinyar da ta buga kwafi 80 a 1993 ta san kusan duk wanda zai karanta, domin ta hanyar gidan waya ake musaya, mujalla da mujalla, ko dala ɗaya a ambulan. Mujallun Riot Grrrl cike suke da labarin fyaɗe, da dukan da aka sha a gida, da ciwon damuwa, wani lokaci har da sunan wanda ake zargi. A bangon baya kuma akwai adireshin gidan iyayenta. Hira ce ta zaure, ba shelar kasuwa ba. Da zarar an saka ta a intanet da rubutun da ake iya bincikowa, sunanta zai fito ga mai ɗaukar aiki, da tsohon miji ko saurayin da ta gudu ta bari, da 'ya'yanta. Wasu marubutan sun sauya suna, wasu sun sauya ra'ayi, wasu kawai ba sa son abin da suka rubuta suna 'yan 16 ya biyo su har cikin furfura. Su kansu matan wannan gwagwarmaya sun taɓa ƙaurace wa 'yan jarida a farkon shekarun 1990 saboda yadda ake juya maganganunsu, don haka zargin da suke yi wa babban dandali tsohon abu ne.

A kan wannan ne Kelly Wooten ta Jami'ar Duke ta bayyana a 2009 dalilan da suka sa ba sa saka mujallunsu a intanet: izini, haƙƙin mallaka, sirrin marubuta, da kuma kasancewar takardar kanta tana da ma'ana. A 2015 gungun ma'aikatan laburare masu kula da irin waɗannan mujallu suka fitar da ƙa'idojin aiki, waɗanda suka fifita sayen mujalla kai-tsaye daga mai ita, da neman yardarsa, da sauraron buƙatarsa idan ya nemi a ɓoye sunansa.

Masu ɗaya ra'ayin suna ganin wannan taka-tsantsan yana da nasa zaluncin. Ɗakin karatu na musamman a jami'a yana buƙatar rajista da katin shaida da alƙawarin lokaci, a ranakun aiki, a birnin da sai ka biya kuɗin jirgi. Wa zai iya? Farfesa da ɗalibin digiri na uku. Matashin da ke aiki a shago, wanda irinsa ne suka rubuta mujallun, ba zai taɓa ganinsu ba. Abin da ba ya intanet kuma a yau kusan babu shi a idon yawancin mutane, sai tarihin ya koma na 'yan shahararrun ƙungiyoyin maza da kowa ya riga ya sani. Wannan ƙorafi ba na banza ba ne. A baje kolin punk na Laburaren Birtaniya a 2016, Viv Albertine ta ƙungiyar The Slits ta ɗauki alƙalami ta ƙara sunayen ƙungiyoyin mata a kan allon bayani da ya tsallake su.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana da gaskiya a kan wani irin mujalla. Wadda ta ƙunshi hira da mawaƙa da sharhin faya-fayai tun asali jama'a ta nufa, saka ta ba ya cutar da kowa. Wadda ta zama kamar littafin sirri lamarinta daban ne. Kuskuren shi ne a yi musu hukunci ɗaya don suna da kamanni ɗaya.

## Hanyoyin tsakiya

Jami'ar Maryland ta saka mujallun punk na yankin birnin Washington D.C. da yawa a intanet. Mai kula da taskar, John Davis, tsohon makaɗi ne a garin kuma ya taɓa fitar da tasa mujallar, don haka gano wa ya yi me ba ya ba shi wahala irin ta baƙo. Tsari ne da ke tafiya idan yankin ƙarami ne kuma mutanen suna raye.

Jami'ar Iowa ta bi wata hanyar da tarin mujallu kusan 10,000 na marigayi Rusty Hevelin, na masoya labaran kimiyya. Ta yi sikanin, amma ba ta buɗe hotunan ga duniya ba. Ta ba wasu zaɓaɓɓun masu sa-kai damar shiga su kwafe rubutun su fitar da jerin abin da ke ciki. Wasu taskokin kuma bango da bayanin katalog kawai suke nunawa, ko su shafe adireshi da lambar waya, ko su ɗauki alƙawarin sauke duk abin da mai shi ya yi ƙorafi a kai. Wannan na ƙarshe yana da rauni bayyananne: abin da ya kwana a intanet an riga an kwafe shi, har da kamfanonin da ke tattara rubutu don horar da manhajojinsu.

## Kwamfuta ma tana mantuwa

Ana yawan ɗauka cewa abin da aka yi sikanin ya tsira ke nan. A 2019 kamfanin dandalin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya wurin ajiya, an ƙiyasta sun kai miliyan 50. A Oktoban 2023 masu kutse suka durƙusar da na'urorin Laburaren Birtaniya, aka shafe watanni kafin katalog ɗinsa ya dawo. Fayil yana buƙatar kwafi a wurare daban-daban, da dubawa a kai a kai, da sauya masa tsari idan manhaja ta tsufa, da albashin mai yin haka kowace shekara. Tallafin da ake ba irin wannan aiki kuma galibi na 'yan shekaru ne. Takardar da ke cikin kwali mai kyau a ɗaki mai sanyi ba ta neman ko rabin wannan hidima.

## Wa abin ya shafa?

Wanda ya taɓa yin mujalla zai iya wayar gari ya ga sunansa a katalog ɗin jami'ar da bai taɓa takawa ba, domin wani da ya aika wa kwafi shekara 30 baya ya bayar da kwalinsa. Yana da damar neman a gyara ko a cire sunan, amma sai ya sani tukuna. Mai niyyar bayar da nasa tarin kuwa, takardar yarjejeniyar da zai sa wa hannu ita ce komai: a nan ake rubuta ko za a yi sikanin, ko wani sashe zai zauna a rufe na wasu shekaru, ko wanda ba ɗalibi ba zai iya shiga. Ga mai karatu a Kano ko Yamai ko Kumasi, abin da aka saka a intanet shi ne kaɗai rabonsa, kuma abin da aka saka ɗin ya fi karkata ga Turanci da biranen Amurka da Ingila, duk da cewa an yi irin waɗannan mujallu a Brazil da Poland da Indonesiya.

Tambayoyin ba su tsaya ga punk ba. Jami'ar Kansas ta saka ƙananan littattafan kasuwar Onitsha a intanet. Littattafan Hausa da marubuta suka riƙa buga wa kansu a Kano tun tsakiyar shekarun 1980, a kan takarda mai arha irin wadda ake magana, Farfesa Graham Furniss ya tara da yawa daga cikinsu a makarantar SOAS da ke Landan. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ita ma shekara 70 take bayarwa bayan mutuwar marubuci, kuma da yawa daga cikin marubutan mata ne da suka buga da sunan da ba lalle shi suke amfani da shi yau ba. Bambancinsu da fanzin shi ne don kasuwa aka buga su, saboda haka maganar sirri ta ragu, ta kuɗi ta ƙaru: littafin da aka zuba kyauta a intanet zai iya yin wuyar sayuwa a bugu na gaba. Yawancin marubutan suna raye, suna da ƙungiyoyi, duk mai shirin sikanin ayyukansu yana da inda zai same su ya tambaya.